MT-07 ko Ténéré 700, wanne ya dace da mutumin da ke zaune a Kano?

Ɗan Gwammaja:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu hawa manyan mashina, abin ya tsaya min a rai kuma kuɗin ba kaɗan bane balle ince in bai yi ba na sayar na sake. Na daɗe ina hawa Haojue, kafin shi Boxer, yanzu Allah ya hore ina so in shiga layin fawa baik. Wani dila da ke kawo tokumbo a Legas ya turo min hotunan guda biyu duk Yamaha, ɗaya MT-07 ɗaya Ténéré 700. Da na bincika sai na ga ashe inji ɗaya ne a cikinsu, silinda biyu cc 689, a jiki ne suka rabu. MT ɗin rodsta ne, tsirara ba gilashi a gaba ba komai, gajere, taya inci 17 gaba da baya. Ténéré kuma dogo ne na adbenca, tayar gaba 21 ta baya 18, da rim mai waya.

Ga yadda zan yi amfani da shi. Kullum gida zuwa wajen aiki, Gwammaja zuwa Sharaɗa, ta tsakiyar gari da duk gosulon yan adaidaita sahu. Lokaci lokaci ina zuwa Kaduna wajen yayata. Garinmu kuma can bayan Tudun Wada yake, in ka bar kwalta akwai burji da ɗan yashi kafin ka isa, da damina akwai wani wuri da ruwa ke kwanciya. Sannan ina da burin wata rana in je Damagaram, in da rai har Mambila. Tsayina santimita 168 kuma ba ni da jiki sosai. Madam ta ce in dai ba wanda za a iya goyonta a kai bane to kar ma in fara.

Gsky zuciyata na kan Ténéré, amma kuɗinsa ya ɗara na MT nesa ba kusa ba. Me kuke gani?

Baban Ilham KD:

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sanya alheri. Ni Suzuki V-Strom 650 nake hawa kuma kafin shi rodsta nake da shi, don haka duk biyun na ɗanɗana. A ƙasar nan adbenca ya fi, ba don gayu ba, don titunanmu. Mashin mai taya 17 da rim na kas, wato na zubi mara waya, an yi shi ne don kwalta mai santsi, shokazobansa gajere ne, na MT-07 milimita 130 kawai yake nutsewa gaba da baya, na Ténéré kuma 210 a gaba 200 a baya. A takarda kamar ba wani abu ba, amma ranar da babbar mota ta kare maka rami ka faɗa masa kana kan 100 za ka gane, shi dogon zai haɗiye ya wuce, gajeren kuma ko rim ya lanƙwashe ko kan ya ƙwace daga hannunka. Kano zuwa Zariya yanzu Alhamdulillah ta yi kyau, amma kai da za ka karya ta Kwanar Ɗangora ka nufi Tudun Wada sannan ka sauka burji, ba ko'ina ne haka ba. Ga kuma bamp ɗin da kowane ƙauye ke yi wa kansa a titi, wani tsayinsa ya wuce hankali, cikin MT santimita 14 ne kawai tsakaninsa da ƙasa kuma salansa a nan ƙasan take, Ténéré 24.

Sai iska. Wannan shi ne abin da masu rodsta basa faɗa. A cikin gari daɗi ne, amma ka ɗauki hanyar Kaduna kilomita 230 ba gilashi a gabanka, duk iskar a ƙirjinka da wuyanka take sauka, kafin ka kai Zariya kafaɗa ta riƙe, da hunturu kuma ga sanyi ga ƙura. Tankin MT lita 14 ne, injin baya shan mai sosai, lita ɗaya tana yin kilomita 20 da ɗoriya in baka cika murɗa totur ba, zai kai ka Kaduna amma idonka na kan fitilar mai. Tankin nawa lita 20 yake ɗauka, sai in je in fara dawowa ban nemi gidan mai ba.

Amma fa ban ce lallai sai Ténéré ba. Adbenca kala kala ne. Ténéré ya fi karkata wajen daji, V-Strom da Honda CB500X tayar gabansu 19 ce, suna tsakiya, sun fi shi zama a kwalta kuma burjin garinku ba zai gagare su ba. In CB500X za ka nema to daga 2019 zuwa sama, na baya da haka 17 ne a gaba.

Injiniya Sabo:

Baban Ilham duk abin da ka faɗa gaskiya ne amma ka tsallake layi ɗaya a maganarsa, mutumin nan tsayinsa 168. Kujerar Ténéré santimita 87 da rabi ce daga ƙasa, ta MT 80 da rabi. Nauyi kuma MT da mai da komai kilo 184 ne, Ténéré ya haura 200 kuma nauyin a sama yake don tanki da komai sun ɗaga. Ɗan Gwammaja in ka hau shi da ƙyar yatsun ƙafa ɗaya za su taɓa ƙasa, sai ka zame gefe guda a kujera. To ka auna wannan a Ƙofar Mazugal ko kwanar Kantin Kwari ƙarfe biyar na yamma, adaidaita ta gama ka ta hagu mai kura ta dama, kana tsayawa kana tashi duk taku biyar, ƙasan kuma ba daidai ba, wani wajen yashi wani wajen bakin kwata. Mafi yawan faɗuwar masu dogayen mashina a tsaye ake yinta, ka sa ƙafa ka ji wayam, shikenan ya tafi, liba ta karye tanki ya loɓa, kuma ɗaga shi kai kaɗai wani aikin ne.

Ni shawarata ka zauna ka ƙirga tsakaninka da Allah, a kowane wata kwana nawa za ka yi a Sharaɗa kwana nawa a burji. Mutane da yawa suna sayen mashin ɗin tafiyar da suke mafarki, sai ya ƙare a tafiyar ofis. Ba laifi bane mutum ya yi buri, amma Mambila sau ɗaya za ka je ko biyu, gosulo kuma kullum yana nan yana jiranka. Burjin garinku da kake faɗa ai Boxer na shigarsa da buhu biyu a baya, MT ma zai shiga in ka bi a hankali, illa dai damina in ruwa ya kwanta, nan kam sai ka ajiye shi ka hau Haojue ɗinka, shi yasa ma nake cewa kar ka sayar da shi.

Wani abu kuma, a wasu shingayen sojoji har yanzu ana sa mai babur ya sauka ya tura sai ya wuce, ba ruwansu da girman mashin. Tura kilo 200 da ɗoriya da jaka a baya da jaket a jiki cikin ranar Afrilu ba wasa bane.

Kuma kowanne ka saya ka tuna ƙarfin Boxer bai kai doki 10 ba, wannan injin ya haura doki 70. Giya ɗaya da biyu in ka fizgi totur gaban zai tashi sama, musamman MT da yake gajere mara nauyi. Ka samu fili ka koyi birki tukuna kafin ka shiga titi.

Oga Ɗanladi Panteka:

Slm. Ni gyara nake yi, bari in faɗi ta ɓangarena. Injin nan na Yamaha lafiyayye ne, in kana canza baƙin mai a kan lokaci kana wanke cen kana sa masa mai ba ka da matsala, ta wannan fannin duk wanda ka ɗauka daidai ne. Inda ake shan wuya taya ce da kayan jiki.

Ténéré da tub yake zuwa a cikin taya. Amfaninsa ko rim ya ɗan bugu za ka ci gaba da tafiya, kuma kowane ƙauye akwai mai faci. Illarsa in ƙusa ta shiga iska lokaci ɗaya take fita, kuma dole a kwance ƙafar gaba ɗaya, mai facin da ya saba da Jincheng zai sa ƙarfe ya ɓanɓare, in baka tsaya a kansa ba ya ƙwarzane rim ko ya lanƙwasa faifan birki ko ya taɓa wayar ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an danna birki. MT tubles ne, ƙusa ta shiga sai ka cusa igiyar faci ka ba shi iska ka wuce ko kwance taya ba a yi ba. V-Strom shima tubles ne har mai rim ɗin waya. Tayar 17 ta fi sauƙin samu don yawancin fawa baik ɗin da ke ƙasar nan ita suke ci, faɗin 120 a gaba 180 a baya, amma ku daina sayen tsohuwar taya ta tokumbo don araha, ku duba lamba huɗu da ke gefenta, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, wadda ta tsufa ko zanenta na nan robar ta bushe, ruwan farko za ta zubar da kai. Ta 21 da 18 mai faɗin Ténéré sau da yawa sai an aiko daga Legas ko Abuja.

Ƙura kuma. Da hunturu iya filta a nan baya kai rabin abin da littafi ya ce, ka riƙa buɗewa kana dubawa. Man bumburutu ka guje shi iyakar iyawarka, waɗannan injekta ne ba kafireta ba da za a kwance a hure a mayar, datti ko ruwa ya shiga famfon mai ya mutu to sai oda.

Game da tokumbo, kar ka tura kuɗi a kan hoto, gani ya kori ji. Da yawa daga na Amurka a gwanjon inshora ake sayo su bayan sun yi hatsari, a canza roba a fesa fenti. Ka je da mai gyara, a duba fok ko ya miƙe, a duba inda kan mashin ke tokarewa in an juya shi ƙarshe ko wajen ya fashe ko an yi walda, a ɗaga gaba a juya taya a gani. A tada shi da sanyi, in ka tarar inji da ɗumi ka ce gobe da safe ka dawo. In ka ga an rubuta FZ-07 kar ka tsorata, shi ne MT-07, haka ake kiransa a Amurka kafin 2018, sai dai na farko farkon wasu ba ABS, ka duba. In na Turai ne ka tambayi jan makulli, shi ne uwar makullan, in babu shi kuma baƙin ya ɓata kuɗin da za ka kashe ba kaɗan bane. Sannan takardar kwastan, lambar shasi ta dace da ta jikin takarda harafi da harafi.

Ƙarshe, in dila ya ce maka ga BMW GS da araha ka yi haƙuri ka wuce shi a matsayin na farko. Mashin ne mai kyau, manyansu ba cen ma shaft ne, amma kilo kusan 250 ne, kuma in wuta ta kawo a dashbod sai mai kwamfuta, ba kowane gari ake da shi ba.

Ɗan Damagaram:

Asalamu alaikum yan uwa na Najeriya. Na ga an ambaci garinmu shi ya sa na shigo. Malam in don Damagaram ne ba ka buƙatar babbar moto ta daji, daga Kano ka bi Daura, ka fita Kongolam, ka shiga Ɗan Barto, Matamaye, sai Zinder, duka gudiron ne, wato kwalta, kilomita wajen 240. Ko wace iri ka zo da ita za ta kawo ka. Abin da zai tsai da kai takardu ne, na moto da naka da lesefase, wato takardar izinin shigar da moto, wajen duwan (kwastan), da jandarma a bariyar hanya, kuma tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 sha'anin iyaka yana canzawa, ka tambaya kafin ka taso.

Ita Ténéré sunan hamadarmu ne aka ba ta, wadda ke gabas da Agadas, tun zamanin da tseren Paris Dakar ke ratsawa ta ƙasarmu, na farkon ma a 1979 Yamaha XT500 ce ta ci a ɓangaren moto. Muna jin daɗin sunan. Amma gaskiya yau ba wanda zai ce maka ka ɗau moto kai kaɗai ka nufi can, tsaro bai bari ba, kuma akwai jihohi kamar Diffa da Tillaberi da aka taɓa hana yawon moto gaba ɗaya saboda yan bindiga. To kar sunan ya ja ka ka biya kuɗin rairayin da ba za ka taka ba. Mu nan mutanen ƙauye da ƙananan moto suke keta rairayi, don in ta nutse mutum ɗaya zai cicciɓe ta. Babba in ta nutse sai an taru.

Ɗan Gwammaja:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya maganar tsayin nan ta shige ni, don ko Haojue ɗin da tafin ƙafa biyu nake dafa ƙasa kuma na saba da hakan. Amma na ji ance ana rage wa Ténéré tsayi, gaskiya ne? Kuma har yanzu ba wanda ya taɓo maganar goyo, ita ce fa za ta sa a bar ni in saya ko a hana.

Alhaji Mai GS:

Ƙanena ana ragewa. Akwai ƙaramar kujera akwai kuma ƙarfen da ake canzawa a ƙasan shokazoba na baya, Yamaha da kansu suna sayarwa, amma duka biyun in ka haɗa bai kai santimita 5 ba, wato har yanzu ya fi MT tsayi. Kuma in ka rage baya dole a zame fok na gaba daidai da shi, a rage ƙafar da ake kafe shi, in ba haka ba zai tsaya a miƙe iska kaɗan ta kayar da shi. Sannan ka lura, tsayin nan shi ne abin da ka biya kuɗi mai yawa dominsa, in za ka sare shi to gara tun farko ka sayi wanda aka ƙera a ƙasa.

Maganar iyali kuwa, a cikin biyun da ka kawo babu na goyo. Kujerar bayan MT yar ƙarama ce, wajen sa ƙafa a sama, tafiyar cikin gari za ta jure amma Kaduna a'a. Ta Ténéré siririya ce mai tauri, ba wajen riƙewa na kirki sai ka sayo kariya ka ɗaura, ga hawanta ma aiki ne ga mace mai zani ko abaya, kuma lokacin da take hawa kai ne za ka riƙe nauyin mashin da nata a kan yatsun ƙafa ɗaya. A nan ina bayan Baban Ilham, V-Strom kujerarsa faffaɗa ce da kariya da wajen riƙewa tun daga kamfani, in ka sa akwati a baya ta samu wajen jingina. Shi tsayin kujerarsa 83 da rabi ne, CB500X 83, kuma Hondan ya fi shi rashin nauyi, ƙarfinsa doki 47, wanda ga mai tasowa daga Haojue ya isa har ya yi yawa. Ni da kai ne shi zan fara nema, ka yi shekara biyu a kansa hannunka ya faɗa, lokacin kai da kanka za ka san ko kwalta ce ke jan ka ko daji.

Dan Allah kuma in za ka ɗauke ta ta tattare hijabi da gyale ta zauna a kai, kar a bar komai yana lilo ta gefen cen. Mun sha ganin yadda tayar baya ke naɗe mayafi a kan ƙananan mashina ma, balle wannan da ba ya tsayawa nan take. Hular kwano biyu za ka saya ba ɗaya ba, mai rufe haɓa, da safar hannu da jaket mai raga saboda zafinmu da takalmi mai rufe idon sawu. Ka cire kuɗin waɗannan daga cikin kuɗin mashin tun yanzu, abin da ya rage shi ne kuɗin mashin ɗinka.

Mambila kuma da kake buri, hanyar ta Jalingo ce, Bali, Serti, sai ka fara hawan dutse daga Mayo Selbe har Nguroje da Gembu. Kwana kwana ce mai tsanani ga hazo ga wuraren da titi ya zaizaye, kuma manyan motoci na saukowa. Abin da ake buƙata can birki mai kyau da taya sabuwa da mashin ɗin da in ka tsaya a kan gangare ƙafarka za ta kai ƙasa. Kada ka je kai kaɗai, kada ka je da damina, kuma duk inda magariba ta same ku ku kwana.

Injiniya Sabo:

Alhaji na yarda da CB500X, dama ni faɗana da tsayi ne. Sai dai in ya je ya zauna a kan MT ya ji ya dace da jikinsa kar ya ji kunyar ɗauka don an ce ba na tafiya bane, ana sa masa ƙaramin gilashi da jaka ta baya, mutane na zuwa Abuja da Jos a kai lafiya lau.

Ɗan Gwammaja:

To Alhamdulillah. Na kira dilan yanzu, yace akwai CB500X na 2020 da zai fito daga fot ƙarshen wata, V-Strom kuma babu a hannu sai dai ya tambayi abokansa. Nace kar ya ajiye min komai, zan zo Legas da kaina in zauna a kan ukun da takalmin da zan riƙa hawa da shi. Oga Ɗanladi in ba damuwa zan maka magana ta inbos, ko kana da yaro a can da zai raka ni dubawa in biya shi. Kuma ita tayar 19 ɗin, ana samunta a Kaduna ko ita ma sai an aiko?

Oga Ɗanladi Panteka:

Ana samu jefi jefi amma kar ka dogara da hakan, in ka saya ka haɗo da sabuwa gaba da baya tun daga can a ɗora maka a mota ɗaya, da iya filta biyu da filtar baƙin mai da birki fad. Akwai yarona a can, turo lambarka.